Sabuwar Mesa a Gida: Kafin Hannu Ya Kai Gare Ta

A ƙasar Hausa, in mutum ya ce yana kiwon mesa a ɗaki, kallon gardi za a yi masa, in ma ba a ce yana da wani tsafi ba. Mu da maciji sai sanda, kuma ba a ga laifinmu ba, don kububuwa da kasa sun kashe manoma da makiyaya da yawa. Amma a Amurka da Jamus da Ingila da Japan akwai dubban mutane da ke ajiye mesa a gida yadda wani ke ajiye aku ko kyanwa. Wadda suka fi kiwatawa kuwa daga nan yankinmu ta fito. Ƙaramar mesa ce da masana ke kira Python regius, mai dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya in ta tsorata. Togo da Benin da Gana ne suka fi fitar da ita waje, kuma tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973, wato ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. Ita ce dai ake girmamawa a ɗakin bautar mesa na garin Wida a Benin, kuma a wasu garuruwan ƙasar Ibo ba a kashe ta.

Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ga ta da sanyin hali. Sai dai tana da tsawon rai. Shekara 20 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne, kuma a 2020 wata da ke gidan namun daji na Saint Louis a Amurka ta yi ƙwai tana da kimanin shekara 62. Wanda ya saye ta don sha'awar wata uku ya ɗauko wa kansa kaya.

Abin da ke ɓata wa sabon mai kiwo al'amari shi ne ɗoki. Ya kawo ta gida, yana son ya ɗauka, ya rataya a wuya, a yi hoto. Ita kuwa mesa ba ta san ƙauna irin ta kare ba. A daji, duk abin da ya sauko mata daga sama ya kama ta, ko shaho ne ko wani naman da zai cinye ta. Hannun mutum a wurinta haka yake har sai ta ga ya zo sau da yawa bai cuce ta ba. Iyakar sabon da za a samu ke nan: ta daina ɗaukar hannunka a matsayin mutuwa. Hanyar kai wa nan kuwa tana farawa ne da ƙyale ta.

Mako ɗaya zuwa biyu na farko, ba ɗauka, ba leƙe kowane lokaci, ba kiran abokai su zo kallo. Ana canja mata ruwa, a kwashe kashi in ta yi, a rufe. A ajiye akwatinta a ɗakin da ba hayaniya, nesa da rediyo da janareta da inda yara ke guje-guje. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa sosai, don haka akwatin da ke kan teburin da ake bugawa kullum ba wurin hutawa ba ne.

Kafin ma ta iso ya kamata akwatin ya zama a shirye, domin yawancin abin da ake kira mugun hali a wurin mesa daga matsalar muhalli yake tasowa. A daji tana wuni ne cikin ramin ɓera ko tsohon suri, ta fito da dare. Saboda haka tana buƙatar maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, kuma kowanne ya zama matsattse yadda jikinta zai taɓa bangon. Kaskon ƙasa da aka kife aka fasa masa 'yar ƙofa ya wadatar. Maɓoya mai faɗi ba ta kwantar mata da hankali. Gefen ɗumi ya kasance digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi wajen 25 zuwa 27, don jikinta ba ya samar da zafi da kansa, sai ta yi ta kai da komo tsakanin biyun. Masu kiwo a Turai suna sa abin ɗumama na lantarki da na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai, saboda mesa kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinta ya ƙone ba ta motsa ba. Laimar iska kuma ta tsaya wajen kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari. Wanda ke Kano ko Maraɗi, damuwarsa ba sanyin hunturun Turai ba ce, bushewar iskar hunturunmu ce da zafin bazara, wanda in ya cika ɗaki yana iya kashe ta. Murfi kuwa a kulle shi da gaske. Mesa tana da ƙarfin ture murfi, kuma in ta fita maƙwabta ba za su tsaya tambayar ko ta wace ce ba.

Alamar farko da ke nuna ta fara sakewa ita ce cin abinci. Masu kiwo da yawa ba sa fara ɗaukarta sai ta ci sau biyu ko uku a jere. Ana ba ta ɓera wanda kaurinsa bai wuce inda jikinta ya fi kauri ba, ƙarama duk kwana biyar zuwa bakwai, babba duk kwana goma zuwa mako biyu. Matacce ya fi, a narkar da shi daga firiza a ɗumama da ruwa, a miƙa mata da dogon awartaki da daddare. Ɓera mai rai da aka bari a akwati yana iya gwaguyar ta har ƙashi, ita kuwa tana dunƙule ba ta rama ba. In ta ƙi ci, a cire, a jira mako guda. Irin wannan mesa ta shahara da ƙin abinci, babba kan yi watanni ba ta ci ba, kuma muddin ba ta rame ba, babu dalilin ɗura mata.

Ranar ɗauka ta farko, a wanke hannu da sabulu, musamman in an taɓa ɓera ko kaza. Da harshe take jin wari, kuma a leɓenta na sama akwai ƙananan ramuka da ke gane ɗumin jiki. Hannu mai ɗumi da warin ɓera, ai abinci ne. A fara taɓa ta a hankali a tsakiyar jiki da sanda mai lanƙwasa ko takarda a naɗe, don ta san ba lokacin ci ba ne. Sannan a zura hannu daga gefe, a ɗago ta ta ƙasa, hannu ɗaya a tsakiya, ɗaya wajen baya. Ba a kama wuya, ba a jan wutsiya, ba a shafa kai. Hannu mai rawa, yana zuwa yana komawa, ya fi tsorata ta a kan wanda ya ɗauka kai tsaye.

Da alama za ta dunƙule ta yi tauri. A zauna da ita a kan cinya, kada a yi ƙoƙarin warware ta. Bayan ɗan lokaci za a ga kan ya leƙo, harshe na fitowa a hankali yana daɗewa a waje, jiki ya yi laushi, ta fara bin yatsu. Wannan ita ce mesar da ta sake. Wadda ta ja wuya ya lanƙwashe ta kafe kai, tana huci ko numfashi da sauri, tana gargaɗi ne. Minti biyar ya isa a farko, sau biyu a mako, a riƙa ƙarawa har kwata ɗin awa. Kuma a mayar da ita akwati lokacin da take a natse, domin in kullum sai ta kai sara ake ajiye ta, za ta koyi cewa sara ne ke ƙwatar ta.

In ta yi cizon, ciwon bai wuce na ƙaya ba. Kada a fizge hannu, don haƙoranta sun karkata baya, fizgewa zai yage fata ya kuma karya mata haƙori. Cizon tsoro sakinsa take nan take. In kuwa ta riƙe ta naɗe, ruwan sanyi a kanta yakan sa ta saki. A wanke wurin da sabulu.

Akwai lokutan da ba a taɓa ta sam. Kwana biyu bayan ta ci, domin tsoro kan sa ta amayar da ɓeran, kuma aman yana wahalar da ita ƙwarai, sai an jira kusan mako biyu kafin a sake ba ta. Haka in za ta yi saɓa: ido ya yi fari-fari kamar hazo, fata ta dushe, ba ta gani sosai, sai a ƙara laima a bar ta. Bayan kowace ɗauka a sake wanke hannu, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai jawo gudawa da zazzaɓi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu gara su nisance ta.

Duk wannan bayani a kan ƙaramar mesa yake, kuma wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo. Wadda aka tono daga rami takan zo da kaska da tsutsar ciki, ta ƙi abinci, don haka likitan dabbobi ya fara ganinta, a ware ta daga sauran dabbobi na wata biyu zuwa uku. Babbar mesar da muka sani a fadamu da bakin kogi, Python sebae, wata aba ce daban. Tana iya wuce mita biyar, ba ta da haƙurin ƙanwarta, kuma a watan Agusta na 2013 irinta ta kuɓuce daga inda aka ajiye ta a garin Campbellton na Kanada ta kashe yara biyu suna barci. In babbar mesar tana ƙarama, zanen jikin su biyun na iya rikita wanda bai sani ba, shi ya sa mai saye ya kamata ya tabbatar da wace ce aka miƙo masa kafin ya biya kuɗi.