Ƙwayoyin Kumfa a Hoton Sikanin: Yadda Ake Gano Su da Matsalar Raɗa Musu Suna

1.0 Gabatarwa

Tun bayan fitowar ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, masana Hausa sun fi mayar da hankali ga kalmomin nahawu da adabi, aka bar na likitanci a hannun ma'aikatan asibiti. A shekarar 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare, hedkwatar masarautar Katagum. Ɗalibanta da Ingilishi suke karatu, amma majinyatan da za su duba da Hausa za a yi musu bayani, da yawansu ma Guddiranci suke yi. Wannan maƙala ta ɗauki fasaha guda, wato amfani da ƙananan kumfa wajen fito da hoton sikanin, domin nuna cewa sai an fahimci aikin abu kafin a raɗa masa sunan da ya dace.

2.0 Asalin Fasahar

Na'urar sikanin tana aika sautin da ya wuce jin kunnen ɗan'adam zuwa cikin jiki, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa, ta mayar da ita hoto. Kunne ba ya jin abin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar miliyoyi take aikawa. Matsalar ita ce jini ba ya mayar da sauti sosai, don haka jijiyoyi kan fito baƙi a hoton.

A 1968 Gramiak da Shah na Jami'ar Rochester a Amurka suka lura cewa idan an yi allurar ruwa cikin zuciya, hoton kan yi haske. Daga baya aka tabbatar cewa ƙananan kumfa da ke cikin ruwan ne sanadi. Daga nan aka shiga ƙera kumfar musamman, irin su SonoVue da aka amince da ita a Turai a 2001. Kowace ƙwaya gas ce da aka lulluɓe da fatar maiƙo. Girmanta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, wato kusan daidai da ƙwayar jini, shi ya sa take bin ƙananan jijiyoyi ba tare da ta toshe su ba. Bayan 'yan mintoci gas ɗin kan fita ta huhu, ba ya bi ta ƙoda.

3.0 Yadda Ake Gano Kumfar

Idan sauti ya bugi ƙwayar kumfa, sai ta riƙa kumbura tana tsukewa. Amma kumburin ya fi mata sauƙi a kan tsukewa, saboda haka amsar da take mayarwa ba ta zama daidai da abin da aka aika ba. Idan aka aika kaɗawa miliyan 2, za ta mayar da miliyan 2 haɗe da miliyan 4. Tsoka kuwa, muddin sautin ba mai ƙarfi ba ne, kusan abin da aka aika mata shi take mayarwa. A kan wannan bambanci aka gina hanyoyi uku:

(a) A saita na'ura ta saurari ninkin kawai, ta yi watsi da sautin asali.

(b) A aika sauti biyu a jere, na biyun kishiyar na farko. Amsoshin tsoka sai su kashe juna, na kumfa kuwa su saura.

(c) A rage ƙarfin sauti domin kumfar ta daɗe, ko a ƙara shi a fasa ta da gangan, sannan a auna saurin shigowar wata sabuwa.

Amfanin wannan ya fi fitowa a hanta. Ciwon dajin hanta, wanda cutar shawara nau'in B ke yawan haddasawa a Arewacin Nijeriya, yakan cika da kumfa da wuri, cikin rabin minti na farko, sannan ya rasa ta kafin sauran hantar. Ƙari marar illa kuwa galibi yakan riƙe haskensa.

4.0 Matsalar Suna

Fassarar da za ta fara zuwa bakin ma'aikaci ita ce "allurar iska". Wannan tana da haɗari biyu. Na farko, jama'a sun daɗe da sanin cewa iska idan ta shiga jijiya tana kisa. Na biyu, "iska" a Hausa tana nufin aljan. "Kumfa" ita kaɗai ma ba ta tsira ba, domin tana tuno da sabulu ko bakin mai farfaɗiya. Majinyacin da ya ji haka yana iya ƙin amincewa, ya koma gida da cutarsa. Don haka ake ba da waɗannan shawarwari:

(a) "Ƙwayar kumfa", bisa ƙirar "ƙwayar jini" da "ƙwayar cuta", domin "kumfa" ba ta ƙirguwa.

(b) "Mafayyaci", ga ruwan allurar baki ɗaya, bisa ƙirar sunan kayan aiki kamar "mabuɗi" da "magirbi". An guji "mabambanci" saboda ya riga ya zama siffa.

(c) "Ninkin amsa", ga hanya ta farko, da "kishiyar sauti", ga ta biyu.

Kalmar "sikanin" kuwa ta riga ta zauna a bakin jama'a, musamman mata masu zuwa awon ciki, babu dalilin tayar da ita.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kowane suna da aka kawo daga aikin kumfar ya fito, ba daga lafazin Ingilishi ba. Abin da ya rage shi ne a gwada su a bakin majinyata a Azare da Misau da Jama'are, tare da haɗin gwiwar likitoci da masana harshe, domin kalmar da mai jinya bai gane ba, ko ta shiga ƙamus, ba ta biya buƙata ba.