Lantarkin jijiya da tamowa: dalilin rage gishiri da ƙara potasiyom

A cibiyoyin CRENI uwaye sukan tambaya: don me ake hana yaro mai tamowa mai tsanani abinci mai gishiri? Amsar tana cikin ƙwayoyin halittar jikinsa.

Kowace ƙwayar jijiya tana lulluɓe da tantani siriri wanda ya raba ruwan cikinta da na waje. A ciki potasiyom ne ya fi yawa, a waje kuwa sodiyom, wato sinadarin gishirin miya. Dukansu suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar ƙari. Wani famfo da ke jikin tantanin ne ke tsare wannan rabo: duk zagaye ɗaya yakan fitar da sodiyom 3, ya shigo da potasiyom 2, da ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano famfon a 1957.

Idan jijiya tana hutawa, ƙofofin potasiyom da yawa suna buɗe, na sodiyom kuwa galibi a rufe suke. Potasiyom sai ya riƙa sulalewa waje, ya bar cikin ƙwayar da caji mai alamar ragi, kusan milivolt 70 ƙasa da na waje. Wannan bambanci shi ne cajin hutu. Kamar batir yake, da shi jijiya ke aika saƙo, tsoka da zuciya ma da irinsa suke aiki.

Yunwa mai tsawo tana sa jiki ya rage aikin famfon don tattalin ƙarfi. Sodiyom ya taru cikin ƙwayoyin, potasiyom ya zube ta fitsari da zawo. Tsoka takan yi laushi, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. Ƙarin gishiri da ruwa a wannan hali na iya fin ƙarfin zuciya.

Shi ya sa ake ba da ReSoMal: a lita ɗaya sodiyom milimol 45 ne, potasiyom 40, alhali SRO na da 75 da 20. Kwalara ce kan sa a koma ga SRO. Madarar F-75 ma tana da potasiyom da magneziyom. Gyaran yakan ɗauki mako biyu ko fiye, don haka kada a sa wa yaron gishiri, kada kuma a ba shi maganin sa fitsari saboda kumburi.