Gida a kulle, mita a bango: abin da 'yan cin ranin Damargu ya kamata su sani game da katin wuta

Da zarar an kammala girbin gero a ƙasar Damargu, tashoshin mota na Tanut da Belbeji sukan cika da matasa masu ɗauke da jakunkuna. Wasu su bi hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, wasu su nufi wuraren haƙar zinariya na Djado da Tchibarakaten, wasu kuma su gangara Damagaram su wuce Kano. A bayansu akwai ɗakuna da shaguna da gidaje a kulle, waɗanda ba za a buɗe ba sai damina ta kawo kai, wani lokaci ma sai bayan shekara biyu ko uku.

Ga wanda gidansa ke da mita mai kati, wato wadda ake sayen wuta kafin a sha, yakan tafi da kwanciyar hankali cewa ba takardar kuɗin wuta da za ta taru masa a bakin ƙofa. Gaskiya ne. Amma mitar da aka bari ba mai kula da ita tana da nata matsalolin, kuma galibi sai ranar dawowa ake gano su, an shigo gida da dare, ana danna lambobi, mita na ƙin karɓa.

Abin da ke cikin lambobi 20

Yawancin mitocin kati a Afirka suna aiki ne da tsarin da ake kira STS, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. A wannan tsari, katin wuta lambobi 20 ne da aka ɗaure su da mita guda ɗaya tak. Katin da aka saya da lambar mitar wani gida a Tanut ba zai shiga mitar maƙwabci ba, ko da kuwa bango ɗaya suke. Saboda haka ɗan cin ranin da ya turo kuɗi ta Nita ko Amana domin a saya wa gida wuta, ya kuma yi kuskuren lamba ɗaya a lambar mita, ya sayi wahala: ko a ƙi sayarwa, ko katin ya fita da sunan wata mitar.

Cikin waɗannan lambobi akwai kuma shaidar lokacin da aka fitar da katin. Da ita mita ke gane katin da aka riga aka saka, ta ƙi karɓarsa karo na biyu. A da ana ƙirga wannan lokaci ne minti-minti tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙirgar yana ɗaukar minti miliyan 16 da dubu 777 da ɗoriya kawai, wato kusan shekara 32. Gurbin ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024.

Darasin Nuwamban 2024

Kafin wannan rana, kamfanonin wuta a ƙasashe da dama sun yi ta shelar a sabunta mitoci. A Najeriya, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki da kamfanonin rarrabawa, ciki har da KEDCO mai Kano da Katsina da Jigawa, sun bayyana cewa sabuntawar kyauta ce. Ana ba mai mita jerin lambobi 20 guda biyu na sauya makulli, ya danna su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saka katinsa. A Afirka ta Kudu kuwa, mutane sun yi dogayen layuka a ofisoshin Eskom a kwanakin ƙarshe.

Sai dai lambobin sauya makulli ba sa shiga da kansu; dole wani ya tsaya gaban mita ya danna. Gidan da ke kulle tun kafin wannan lokaci, mitarsa na iya kasancewa a tsohon makulli har yau, sabon kati kuma ba zai shiga ba sai an fara saka na sauyin. Akwai kuma tarko na biyu: katin da aka saya tun da aka ajiye a waya ba a saka ba, mita ba za ta karɓe shi ba bayan an sauya makulli. Shi ya sa aka riƙa gargaɗin a fara saka tsofaffin katuna kafin a sabunta. Wanda ya dawo Damargu bayan doguwar tafiya, gara ya fara zuwa ofishin NIGELEC da lambar mitarsa da takardar sayen ƙarshe ya tambayi halin da take ciki, kafin ya kashe jika biyar ko goma a sabon kati.

Ƙananan abubuwan da ke cin kuɗi

Wasu mitoci kashi biyu ne: ainihin mitar na kan turke ko a wajen gida, ƙaramin allon danna lambobi kuma na cikin ɗaki. Irin allon da ake jona wa soket yana mutuwa da zarar wutar da aka saya ta ƙare, sai da batir zai farka ya karɓi kati. Batirin da ya yi wata shida a ɗaki rufe cikin zafin bazarar Damargu yakan zube ya ci ƙarfen ciki. Cire shi kafin tafiya, da sayen sabo ranar dawowa, ya fi sauƙi da neman wani allon.

Sai batun wutar da aka bari a ciki. Firji ko fitilar tsakar gida da aka manta a kunne za su cinye ta a hankali, kamar yadda wayar da wani ya ja ta bayan katanga za ta yi. Maganin shi ne a kashe babban makunnin gida, a ɗauki hoton adadin da ke kan allo kafin a kulle ƙofa. Idan aka dawo adadin ya sauya, an san akwai magana.

Buɗe murfin mita kuma haɗari ne. Mitoci da yawa sukan katse wuta da kansu idan suka ji an taɓa su, kuma ba sa komawa aiki sai da wata lamba ta musamman daga kamfani. Ɗan'uwan da aka bar wa amanar gida, ya ga wuta ta ƙi ya kira mai gyara na unguwa ya kwance murfi, yana iya jawo wa mai gida tara.

Kowace ƙasa da tsarinta

'Yan Damargu da ke zaune a ƙasashen waje kada su auna gida da abin da suka saba gani can. A Ingila, inda wasu mitoci ke amfani da ɗan makulli na roba da ake cikawa a shago, akwai kuɗin tsayawa na kullum da ke taruwa ko ba a kunna ko fitila ɗaya ba, sai a cire shi daga cikawar farko. Sabon ɗan haya kuma ana ba shi shawarar kada ya yi amfani da makullin wanda ya tashi, don kada ya gaji bashinsa. A Najeriya an soke kuɗin tsayawa na wata-wata tun Fabrairun 2016, amma kamfanoni kan cire tsohon bashi daga kuɗin kati. Tambayar da ya kamata mai gida a Tanut ko Tarka ya yi a ofishin NIGELEC ke nan kafin ya tafi: me za a cire mini idan na yi watanni ban saya ba, kuma akwai bashi a kan wannan mita?

Tambayar ta shafi masu haya ma. Wutar da ta shiga mita ta shiga ke nan, ba a kwashe ta a kai wani gida. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki daga Belbeji, idan ya cika mita ana gobe zai tashi, ya yi wa mai shigowa kyauta, sai dai su daidaita tsakaninsu da shaida.

Kafin a hau mota, mai tafiya na buƙatar hoton lambar mita a wayarsa, da takardar sayen ƙarshe, da mutum ɗaya amintacce mai makullin gida wanda zai leƙa mita lokaci-lokaci ya saka kati nan take idan aka turo. Aikin bai wuce na minti goma ba, kuma shi zai hana mutum kwana cikin duhu a darensa na farko a gida.