Ciwon Damuwa: Abin Da Na Gani A Jikina Da Kuma Cikin Gidana

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan bayani, domin kuwa mai tsayawa gaban jama'a kowace Lahadi yana koya musu farin ciki cikin Almasihu, ba ƙaramin nauyi yake ji ba idan zai buɗe baki ya ce shi kansa ya yi fiye da shekara bai san daɗin komai ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tabbata a cikin majami'unmu akwai masu ɗauke da irin wannan kaya, suna rera waƙa da baki alhali kuwa zuciyarsu a mace take.

Abin ya faro mini ne a shekarar 2021, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifina, a daidai lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye. Da farko na ɗauka makoki ne kawai. To, amma makoki yakan yi sauƙi da tafiyar kwanaki, nawa kuwa sai ƙaruwa yake yi. Nakan farka da misalin ƙarfe 3 na dare, barci ya gagare ni har gari ya waye. Tuwon da nake so a da ya koma mini kamar ƙasa a baki. Darasin ajin baftisma da nakan shirya cikin sa'a guda, sai in zauna da Littafi a buɗe tun safe har rana ta take ban rubuta ko layi biyu ba. Ga nauyin kai, ga faɗuwar gaba, ga kasala. Sau uku ina sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a kemis, ban ga wani canji ba.

Wadda ta fi shan wahalar wannan hali ita ce maiɗakina. Mutumin da a da yakan dawo gida da labari da raha, sai ga shi ya koma shiga ɗaki ya juya fuska ga bango. In ta yi magana in yi shiru, in ta matsa in yi mata tsawa. Wata rana da dare ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Malam, in laifi na yi maka ka faɗa mini in nemi gafara. In kuwa wata ce ta shiga ranka, gara in ji daga bakinka." Babu ko ɗaya cikin biyun, amma na rasa kalmar da zan ba ta, don ni ma ban san sunan abin da ke damuna ba. 'Yarmu ƙarama, wadda takan sheƙo da gudu idan ta ji ƙarar babur ɗina, ta koma laɓewa bayan uwarta. Har yau wannan ne ya fi yi mini ciwo idan na tuna.

A cikin ikkilisiya ma zumunci ya yi sanyi. Na rage ziyara, ina kauce wa gaisuwa bayan sujada. Wasu suka ce sabon katikis girman kai gare shi. Wani dattijo mai ƙaunata ya ce addu'ata ce ta yi rauni, ya ba ni shawarar azumin kwana 7. Na yi, na fito da rama da ƙarin rashin barci, na kuma ƙara gaskata cewa Allah ya juya mini baya. Wani kuma ya raɗa mini cewa jifa ne daga wajen dangi saboda gonar gado. Duk da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma kowace magana ƙara mini kaya ta yi. Daga nan tunani ya fara zuwa mini cewa iyalina za su fi samun sauƙi idan ba na duniya.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Wata uwa a Zumuntar Mata, wadda ta yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ta yi ritaya, ita ce ta lura. Ta same ni a ƙarƙashin mangwaron majami'a, ta yi mini tambayoyi a kan barci da cin abinci, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka taɓa tunanin kashe kanka?" Ban taɓa zaton wani zai yi mini wannan tambaya ba. Na ce, "I, Mama." Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce wannan ciwo ne, yana da suna, yana kuma da magani. Washegari ita da maiɗakina suka raka ni asibiti a birni.

Ga abin da na koya a can, da kuma daga karatun da na yi bayan haka. Likitoci suna kiransa ciwon matsananciyar damuwa. Ya bambanta da ɓacin ran yau da kullum, wanda kowane ɗan Adam yakan yi ya wuce. Ana zarginsa ne idan mutum ya yi aƙalla mako 2 yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ko kuwa sha'awar abubuwan da yake so a da ta gushe, tare da wasu alamu kamar rikicewar barci, canjin cin abinci, gajiya, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. A wurinmu sau da yawa yakan fito ta hanyar jiki, wato ciwon kai, zafin ƙirji da ciwon gaɓoɓi, shi ya sa mutum zai yi ta shan maganin zazzaɓi a banza. Ba abu ɗaya ke kawo shi ba: akwai gado, akwai rashi da asara da talauci, akwai doguwar jinya, akwai haihuwa, akwai shaye-shaye. Likitan ya sa aka gwada jinina tukuna, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo alamu masu kama da waɗannan.

Ba kuwa ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke cewa. A bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 280 ke fama da shi a duniya, ya kuma fi yawa ga mata. Fiye da mace 1 cikin 10 na masu juna biyu da masu jego sukan gamu da shi. Saboda haka idan maijego ta ƙi cin abinci, tana kuka ba dalili, ba ta marmarin jaririnta, kada a ce shagwaɓa ce ko rashin godiya.

An ba ni wata ƙwaya mai suna amitriptyline, ina sha da dare. Ta busar mini da baki, ta sa ni jin barci da safe, ban kuma ga amfaninta ba sai da na kusa wata guda, kamar dai yadda likitan ya faɗa tun farko. Aka kuma haɗa ni da mai ba da shawara, muna zama muna warware tunanin da ke ɗaure ni ɗaya bayan ɗaya. A nan na yi kuskuren da nake roƙon kowa ya guje masa. Da na ji sauƙi bayan wata 2, sai na ajiye maganin ban gaya wa kowa ba, ina cewa a raina bawan Allah bai kamata ya dogara ga ƙwaya ba. Kafin damina ta ƙare na koma gidan jiya. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da sha wata 6 ko fiye bayan an ji sauƙi, a kuma rage shi a hankali bisa umarnin likita.

Ga mai cewa mai bi na gaskiya ba ya shiga irin wannan hali, sai ya buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Abin da Ubangiji ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu. Sai daga baya ya yi magana da shi, ya ba shi aiki, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Haka nan Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin nan na Landan, ya yi fama da wannan duhu shekaru masu yawa, musamman bayan 1856, lokacin da aka yi turmutsitsi a wurin wa'azinsa mutum 7 suka mutu. Bai ɓoye wa ɗalibansa ba. Ba mu cewa mai hawan jini ya rasa bangaskiya don yana shan magani. To, don me za mu faɗa wa wannan?

Yau shekaru sun shuɗe, ba zan ce na rabu da shi kwata-kwata ba. Yakan leƙo, musamman idan aiki ya yi yawa ko lokacin rasuwar Baba ya zagayo. Bambancin shi ne yanzu na san takunsa, maiɗakina ma ta sani. Idan ta ga na kwana biyu ba barci, takan ce, "Malam, baƙon nan ya fara ƙwanƙwasa ƙofa," sai mu rage aiki, mu fita yawo da yamma, in ya ci gaba mu koma asibiti. Na nemi gafararta, na kuma zauna da 'yata na gaya mata cewa ba ita ta yi laifi ba, Baba ne ba shi da lafiya. Amincewarta ba ta dawo rana ɗaya ba. Sai da na yi watanni ina raka ta makaranta kafin ta sake sheƙowa da gudu.

Aikina ma ya canza. A da idan na je gidan makoki nakan yi saurin hana mutane kuka da ayoyi. Yanzu nakan zauna in yi shiru, in saurara, in kuma koma bayan mako 3 lokacin da masu gaisuwa sun watse. Na koyi cewa "ba zan iya ba yau" ba zunubi ba ne. Na koyi karɓar taimako, wanda ya fi ba da shi wuya ga mai wa'azi.

Saboda haka ina roƙon fastoci, dattawa, Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa, idan kun ga kujerar wani ta daɗe babu kowa, ku bi sawu kafin ku yanke hukunci. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa; tambayar ba ta sa mutum aikatawa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da duk abin da zai iya cutar da shi, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sassan wannan aiki a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Tun watan Janairu na 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu irin wannan jinya. Bai kamata ikkilisiya ta zama ita ce a baya wajen wannan ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke karanta wannan kuna ganin kanku a ciki, ku nemi mutum ɗaya da kuka amince da shi ku gaya masa a wannan mako. Ku ci gaba da addu'a, ku kuma je wurin likita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu kunnen sauraron juna. Amin.