Kafin allura ta shiga, a faɗi abin da jiki ba ya so

Ranar rigakafi a ƙananan asibitocin Limawa ko Tudun Wada ko Sabon Gari a Minna, layi kan yi tsawo. Uwa na riƙe da kati a hannu, goyo na kuka, hankalinta na kan tukunyar da ta bari a gida. Malamar asibiti ta ce, "Mama, akwai abin da jikinsa ba ya so?" sai ta ce babu, ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ana cire allura ta gyara goyo ta tare Keke. Nan ne ake ganganci, sau biyu kuma.

Ruwan da ke cikin kwalbar nan ba sinadari ɗaya ba ne. Allurar cutar shawara, wadda ake yi wa jariri a wata 9 kuma aka bi mutanen Jihar Neja da ita a gangamin ƙarshen 2018, cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayarta, don haka akwai ɓurɓushin ƙwai a ciki. Wanda in ya ci ƙwai leɓensa ke kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, numfashi ya sarƙe, bai kamata a yi masa ita a bakin titi ko a makaranta ba. Sai likita ya duba shi tukuna, a wuri irin Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB. Allurar ƙyanda kuwa, duk da rana ɗaya ake yin su, ƙwai ba ya hana ta.

Wata matsalar tamu ce ta gida. Har yanzu akwai gidajen da ba a ba yaro ƙwai, wai kada ya tashi da sata. To uwa ta ina za ta san ko jikinsa na karɓa? Ba dalilin fasa allurar ba ne, amma dalili ne babba na zama a jira bayan an yi ta.

Allurar ciwon hanta da ke cikin Penta, da ta sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a Oktoban 2023, da yis ake haɗa su. Ta shan inna tana iya ɗaukar ragowar maganin neomycin ko streptomycin. A Ingila, ranar da aka fara allurar korona ta Pfizer a Disamban 2020, ma'aikatan lafiya biyu jikinsu ya yi bori, kuma dukansu dama an san su da wannan lalura.

Sai dai fa a bambance. Ɗan zazzaɓi, kumburin wurin allura, rigimar dare ɗaya, duk ba bori ba ne, jiki ne ke aikinsa. Ƙaiƙayin da chloroquine ke sa mutane da yawa ba ruwansa da rigakafi, kuma ba a sa penicillin a cikin waɗannan allurai. A ganina masu fakewa da "jikina ba ya son allura" sun fi masu lalurar ta gaskiya yawa nesa ba kusa ba. Mummunan borin da ke toshe numfashi, bincike a Amurka ya nuna bai wuce kamar sau ɗaya cikin allura miliyan ba. Ƙyanda ba ta da wannan rangwamen.

Idan zai zo, galibi cikin mintuna yake zuwa, kuma maganinsa allurar adrenaline ce a cinya nan take, ba man ja ko rubutu ba. Shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30. A asibiti akwai mai yin ta, a cikin Keke babu.

Iyaye, abin da ya fi komai muhimmanci ku faɗa shi ne yadda allurar baya ta kasance. In yaro ya taɓa kumbura fuska ko ya kasa numfashi bayan wata allura, ku faɗa kafin a buɗe kwalba, ku sa a rubuta a katinsa, a kuma kai rahoto ga NAFDAC, ko ta hannun malamar ko ta manhajar Med Safety. Malaman asibiti, ku ma ku yi tambayar da Hausa ko Nufanci ko Gwaranci, yadda uwa za ta gane, ku jira ta ba da amsa.