Warin Taba a Wurin Aiki: Haƙƙin Abokin Zama da Ladabin Nasiha

 Ya ku ƴan uwa Musulmi, karatunmu na yau ya samo asali ne daga wata ƙara da aka kawo mini bayan sallar asham.

Wasu teloli biyu ne masu aiki a shago ɗaya shekara da shekaru. Kun san halin teloli a goman ƙarshe: ana raba dare bisa keke domin ɗinkin Sallah. Ɗayansu yana shan sigari. Da ya yi buɗa baki sai ya kunna, ya yi ta ramuwar wunin da ya yi bai sha ba, ga shago ƙarami, taga ɗaya. Ɗayan kuma yana da ciwon fuka. Ya yi ta haƙuri har ranar da wata mata ta mayar da atamfarta, ta ce tana warin taba. A nan haƙurinsa ya ƙare, ya faɗa wa abokinsa baƙar magana a gaban yaran shago. Da suka zo wurina sun yi kwana tara ba mai ce wa wani uffan, kuma har sun fara maganar raba kekuna da kuɗin haya.

Wannan matsala ba ta teloli kaɗai ba ce. Tana nan a biro, tana nan a tashar mota tsakanin direba da yaronsa, tana nan a ɗakin masu gadi. Don haka ya kamata mu san wa ke da haƙƙi, kuma ta yaya ake nemansa.

Da farko, kada gardama ta tsaya a kan halaccin taba ko haramcinta, domin da an shiga wannan sai a bar abin da ya kawo rigima. Malaman Malikiyya sun saɓa tun farkon shigowarta: Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a shekarar 1627, da Shehu Aliyu al-Ajhuri na Masar sun sassauta, Shehu Ibrahim al-Laƙƙani kuma ya haramta. Bayan da cutarta ta bayyana a fili, mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan haramci, kuma babu saɓani cewa shanta da rana yana karya azumi. Amma ko da mutum ya riƙe fatawar masu sassautawa, wannan bai ba shi izinin busa wa wani hayaƙi ba.

Dalili kuwa shi ne tafarnuwa da albasa. Halal ne su, babu mai musu. Duk da haka ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci su ɗanye kusantar masallaci har warin ya gushe, kuma a ruwayar Muslim an bayyana cewa abin da ke damun ɗan Adam yana damun mala'iku. Sayyidina Umar ya ba da labari a kan mumbari cewa ya ga ana fitar da mai wannan wari zuwa Baƙi'a, sannan ya shawarci mai son ci da ya kashe warin da dahuwa. To ku duba: sallar jam'i da dukkan falalarta, an dakatar da mutum daga gare ta saboda hancin ɗan uwansa. Malamai sun yi ƙiyasin duk wani wari mai cutarwa a kan wannan. In haka ne ga minti goma na salla, ina ga wuni guda a ɗaki ɗaya?

Kuma taba ta wuce tafarnuwa, domin ba wari kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu fiye da miliyan 1 ba su taɓa ɗora ta a baki ba, hayaƙin waɗansu suka shaƙa. Mai fuka, da mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu sun fi kowa jin jiki. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a cikin Arba'una ta Nawawi, ya isa hujja. Hukuma ma ta yi nata: doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga watan Mayu 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki a ƙasarmu Nijar. Ashe wanda ya ce hayaƙi na damunsa ba alfarma yake roƙo ba, haƙƙinsa ne.

To amma, ya kai mai haƙƙi, saurara da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke zubar da ladansu. Ka sani mai shan taba galibi ba ya jin warin kansa. Hancinsa ya saba, kamar yadda majemi ba ya jin warin majema. Warin yana maƙale a rigarsa da gemunsa da yatsunsa, ko a waje ya sha zai shigo da shi, shi kuwa yana ganin ya fita haƙƙinka. Idan ka toshe hanci, ka yi tsaki, ka buɗe taga da ƙarfi, ba ka sanar da shi kome ba, wulaƙanci kawai ya gani. Idan kuma ka zagaya kana ba sauran ma'aikata labarin ɗoyinsa, ka auka cikin giba, wadda Allah Ya kwatanta a Suratul Hujurati da cin naman ɗan uwa matacce, alhali kana azumi.

Hanya ita ce ka keɓe shi, ku biyu, lokacin da ransa ke kwance. Kada ka tare shi da la'asar sakaliya, sa'ad da yunwa da ƙishirwa da kewar taba suka taru masa. Ka fara da abin da ke damunka, ba da aibinsa ba. Ka ce: "Malam, wallahi ƙirjina ba ya ɗaukar hayaƙin nan, jiya ban runtsa ba. Ka taimake ni." Wannan ya fi "kana wari" shiga zuciya nesa ba kusa ba. Kuma ka saurari uzurinsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Mugira ɗan Shu'uba ya zo masallaci da warin tafarnuwa; bayan salla ya kama hannun Annabi ya kai ƙirjinsa, sai ga shi a ɗaure saboda ciwo, Annabi ya karɓi uzurinsa. Mai shan taba ba shi da uzuri irin na Mugira, amma sabo ya ɗaure shi, kuma da yawansu suna son bari sun kasa. Wanda ke cikin wannan hali taimako yake buƙata.

Kai kuma mai sha, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya gaya maka a ɓoye ya rufa maka asiri. Waɗansu sun daɗe suna jin abin da ya ji, kunya ce ta hana su magana. Kada ka ce kuɗinka ne, huhunka ne. Kuɗin naka ne, amma iskar ɗakin ta kowa ce. In ba ka iya bari yau ba, to ka fita nesa da ƙofa da taga, ka dakata kaɗan kafin ka dawo, ka wanke hannu da sabulu, ka kurkure baki, ka yi asuwaki, ka ware rigar da kake sawa a wurin aiki. Turare bisa warin taba ba ya kashe shi, wari biyu yake haɗawa, kuma mai fuka turare mai ƙarfi ma yana tayar masa da ciwo. Sannan ka yi wa kanka adalci: kai da ka iya haƙura tun daga alfijir har faɗuwar rana, wajen awa 13 ko 14, kwana 29 ko 30 a jere, ka riga ka nuna wa kanka cewa bari mai yiwuwa ne.

Saura shugaba: mai shago, da maigidan mota, da mai riƙon ma'aikata. Kada ka ce ba ruwanka, domin kai makiyayi ne kuma za a tambaye ka. In nasiha ta farko da ta biyu ba su yi ba, halal ne wanda aka cuta ya kawo maka ƙara, wannan ba annamimanci ba ne. Ka kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa ba tare da kiran sunan wani ba: ba a sha a ciki, ga inda ake fita. Ta hau kan babba kafin ƙarami, domin yaron shago ba ya iya ce wa maigidansa ya kashe sigari. Kada kuma ka yi gaggawar raba mutum da abincinsa, bayansa akwai iyali.

Telolin nan biyu na tunatar da su cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Na ce wa mai fuka: "Gaskiyarka ce, amma ka kunyata shi gaban yara, ka nemi gafararsa." Na ce wa mai sigari: "Ka cuci ƙirjinsa da kasuwarku, ka fita da ita waje." Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sun yi musafaha a zauren gidana, suka koma ga ɗinkinsu, domin mutane na jiran kayan Sallah.

Allah Ya yaye wa waɗanda aka jarraba da taba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya daidaita tsakaninmu, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.