SWEDENBORG DA MAGANAR CETO: INA YA YI DAIDAI, INA YA KAUCE?

A kwanakin nan da masu cewa sun ga wahayi suka yawaita, ya kamata masu bi su san labarin Emanuel Swedenborg, mutumin ƙasar Suwidin da aka haifa a Stockholm a 1688, ya mutu a Landan a 1772. Ba jahili ba ne, ba kuma mai neman kuɗin baiko ba. Mahaifinsa bishop ne na Ikilisiyar Lutheran, shi kansa kuwa masanin kimiyya ne da ya daɗe yana aiki a hukumar ma'adinai ta ƙasarsu. A 1745 ya ce Ubangiji ya bayyana gare shi, aka buɗe masa idanu yana ganin sama da jahannama, yana hira da mala'iku. Daga nan ya yi ta rubuta littattafai da Latin har ƙarshen ransa. Mabiyansa suka kafa ƙungiyar da ake kira New Church a Landan a 1787, tana kuma da rassa a Ghana da kudancin Nijeriya. Wani abin da ke jawo hankalin mutanenmu gare shi, shi ne yadda ya yabi 'yan Afirka, ya ce sun fi sauran al'ummai saurin karɓar gaskiya.

Babban abin da ya tsana shi ne koyarwar barata ta wurin bangaskiya kaɗai. Har ya ce macijin nan na Wahayin Yahaya sura 12 yana nufin masu riƙe da ita. A ganinsa bangaskiya da ƙauna ba sa rabuwa, kuma abin da mutum ya fi ƙauna a duniya shi zai kai shi mazauninsa bayan mutuwa.

To, a nan sai mu faɗi gaskiya. Ya ga cuta ta ainihi. Akwai dattijon ikilisiya mai tauye mudu ranar kasuwa, ran Lahadi kuma shi ne a kujerar gaba. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta kira irin wannan bangaskiya matacciya. Luther kansa bai taɓa koyar da cewa mai bi ya naɗe hannu ba. Abin da ya koyar shi ne bangaskiya mai rai dole ta haifi ayyuka, kamar yadda wuta ba ta rasa zafi.

Matsalar tana wurin maganin da ya kawo. Swedenborg ya ƙi yarda Almasihu ya mutu a madadinmu domin ya ɗauki hukuncin zunubi. A wurinsa gicciye gwaji ne na ƙarshe da Yesu ya ci nasara a kai, fansa kuwa ita ce murƙushe ikon jahannama domin mutum ya sami 'yancin gyara halinsa. Ya amince cewa ikon yin nagarta daga Ubangiji yake, amma ya ce ba mai shiga sama ta wurin jinƙai kawai farat ɗaya. Idan haka ne, ya za mu yi da ɓarawon nan na Luka sura 23, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi alhali hannuwansa a kafe suke? Me fasto zai faɗa wa mai zunubi da ke numfashin ƙarshe a gadon asibiti? Afisawa 2:8-10 ta jera abin daki-daki: ceto kyauta ne ta wurin alheri, ayyukan kirki kuma su biyo baya a matsayin 'ya'yansa.

Da yake wasiƙun Bulus sun tsaya masa a wuya, sai ya rage musu daraja. Ya ce suna da amfani ga ikilisiya, amma a Sabon Alkawari Bishara huɗu da Wahayin Yahaya ne kaɗai cikakkiyar Maganar Allah mai ɓoyayyar ma'ana. Ya kuma musanta cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne cikin Allah ɗaya kamar yadda ikilisiya ta shaida tun taron Nikiya a 325. Ya ce an riga an yi shari'ar ƙarshe a duniyar ruhohi a 1757, har ma ya sadu da Luther a can ya tarar yana sake ra'ayi.

Wa zai tabbatar da wannan? Shaidarsa kaɗai gare mu. Manzo Bulus kuwa ya gargaɗi Galatiyawa a sura ta 1 kada su karɓi wata bishara dabam ko da mala'ika ne ya kawo ta, mala'iku kuwa su ne shaidun da Swedenborg ya dogara a kansu.